Ranar da Baba Ya Zo na Huɗu

Shekara ashirin Babana, Tu Jin-fa, ya yi a majalisar gundumarmu, can cikin gonakin abarba na kudancin Taiwan. An ce sau biyu ya taɓa ɗaga hannu a zaure. Na farko kan kwatar bayan kasuwa, na biyu don a rage sanyin ɗaki, wai gwiwarsa. Amma dama ba zaure ne aikin wakili a wajenmu ba. Aikin shi ne ka saka falmaran mai sunanka a baya, ka je biki, ka je makoki, ka riƙe makirufo minti uku, ka ɗaga kofi a kowane tebur, ka wuce na gaba. A nan kam Baba ba shi da na biyu. Ya taɓa yin biki huɗu da makoki biyu a rana ɗaya bai rikita jawabin ba.

Sauran aikin kuwa, fitilar titi da ta mutu, kwalbatin da ya toshe, tsohon da ke neman keken guragu, duk a rumfar Mamata ake kawo su. Sunanta Pan Su-lan, amma ba mai kiranta haka. Matar Wakili ake ce mata. Tun ƙarfe biyar na safe take buɗewa a barandar gidanmu, tana sayar da madarar waken suya da wainar caitau, farar saiwar nan da take gurzawa kullum da yamma. Mutum yana ci yana faɗin damuwarsa, ita kuma tana juya waina da hannu ɗaya tana rubutawa a bayan kalanda da ɗayan. In an gyara fitilar, sai Baba ya je ya tsaya a ƙarƙashinta a ɗauke shi hoto.

Ni ne A-kun, ɗansu. Gyaran babur nake yi, karatun bai karɓe ni ba. In zaɓe ya zo ni ke tuƙa shuɗiyar a-kori-kurar da Baba ke tsayawa a bayanta.

Mazaɓarmu kujera huɗu gare ta. Kowa ƙuri'a ɗaya yake jefawa, a tara, mutum huɗun da suka fi yawa su shiga. Sai dai doka ta ce dole a sami mace a cikin huɗun. In babu mace a sahun huɗun farko, namijin da ya zo na huɗu shi zai tashi, macen da ta fi sauran mata ƙuri'a ta zauna, ko da nata ba su kai rabin nasa ba. Ke nan maza kujera uku suke kokawa a kai. Biyun sama suna da masu su, manya ne da ba a taɓa su. Ta ukun ita ce ta Baba, da ƙuri'a wajen ɗari tara, suna zuwa masa duk shekara huɗu kamar albashi.

Garinmu ɓangare biyu ne, 'Yan Gada da 'Yan Haikali. Tun zamanin kakanni aka yi rigima kan ko gada za a fara ginawa ko rufin haikali. An gina gadar, an gyara rufin, rigimar tana nan. Mu 'Yan Gada ne. Kujerar mata kuma tana hannun Madam Siao Bi-lien ta 'Yan Haikali, mai ƙuri'a wajen ɗari takwas. Kowane zaɓe akwai wata malamar makaranta da ke tsayawa ta ja da ita, ta sha kaye, ta koma aji. Bana malamar ta koma birnin Kaohsiung wajen 'yarta, babu macen da ta fito.

Saura kwana ɗaya a rufe rajista, Baba ya zube gyaɗa a kan teburin abinci ya kasa ta kashi-kashi.

“Zo nan, sarkin sanyin jiki,” ya ce mini. “Wannan kashin Siao ce. Mace ita kaɗai. Ko ƙuri'ar mijinta kawai ta samu, ta shiga. To ɗari takwas ɗinta fa, me 'Yan Haikali za su yi da su? Su soya?”

“Su bar mata,” na ce.

“Su bar mata! Ku ji ɗan da na haifa.” Ya sa gefen hannu ya tura gyaɗar zuwa wani ɗan kashi. “Wannan yaron ne, Yu Ming-da mai sayar da taki. Nasu ne. Yana da ɗari huɗu da hamsin na kansa. A bar wa Siao ɗari, a zuba masa ɗari bakwai. Nawa ke nan?”

Ina cikin lissafi da yatsu, Ama, uwar Baba, ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga kashin Baba ta jefa a baki.

“Ya fi ka ke nan,” ta ce.

Baba ya ce maganin abin ɗaya ne: a sami wata mace ta tsaya. In Siao ta ji akwai mai bin ta a baya, ba za ta saki ƙuri'a ko ɗaya ba, yaron taki ya zauna da takinsa. Ya ce ya gwada mata uku, duk sun ce suna da aikin yi. Daga nan ya juya kai a hankali zuwa inda Mama ke zaune tana gurza caitau na gobe.

“Su-lan, katin shaidarki yana ina?”

“Yana inda ka ajiye hankalinka.”

“Ba fa takara za ki yi ba. Tsayuwa kawai. Kin san mutum-mutumin da ake kafawa a gonar shinkafa?”

“Na san shi. Har kashi tsuntsaye ke yi masa a ka.”

“Haba Su-lan. Shekara ashirin. Kina so in koma yankan abarba da wannan gwiwar?”

Mama ta ci gaba da gurzawa har ta gama guda ɗaya, ta ɗauki wani. Sannan ta ce ta yarda, amma ba za ta rufe rumfa ba, ba za ta hau mota ba, ba za ta durƙusa wa kowa ba. “Kuma ba zan yi kuka a lasifika ba. Naka ya ishi gidan nan.”

Washegari, saura rabin awa a rufe, na kai ta a bayan babur da ɗan gaban girkinta, ƙyallen nan na kare tufa, a jiki. Ranar jan lambar da kowa zai fito da ita a takardar zaɓe Baba ya ja biyu, ya ɗaga yatsu biyu ya yi jawabi kan cewa lambar nasara ce. Mama ba ta je ba, ma'aikaci ne ya ja mata biyar.

Da sassafe sai ga Madam Siao a rumfa, gashi a gyare kamar za ta biki. Mako biyu ta yi tana yawo da Yu tana cewa a zaɓe shi, ita ta riga ta haye.

“Yaya Su-lan, shekara talatin ina cin wainarki.”

“Kina biya kuma. Ban da ƙorafi.”

“Ki faɗa mini tsakanina da ke. Da gaske kike, ko tsohon kuren nan ne ya kafa ki?”

“Ƙwai ɗaya ko biyu?”

Madam Siao ba ta tsaya cin wainar ba. Kafin azahar ta sauke hotunanta da Yu, kafin kwana biyu ta buga sababbin ƙyallaye da jan rubutu: A CECI SIAO. Baba ya yi ta dariya har ya ƙware da shayi.

Sai ya ce bai isa ba, a ƙara tsorata ta. Ya ce in riƙa raɗa wa masu kawo gyara cewa Mama tana da ƙarfi a ƙasa. To ni ƙarya ba ta zauna mini a baki. Mutumin farko da ya zo shi ne Kawu Liao, tsohon manomin abarba, ɗan Gada tun kafin a haife ni. Ina ɗaure masa birki na ce, “Kawu, Baba ya ce in ce maka Mama tana da ƙarfi.”

Ya yi dariya har haƙorinsa na roba ya motsa. Da ya gama sai ya ɓata fuska.

“Ashe kafa ta ya yi. Wato ranar ƙirga za a kira sunanta sau talatin a gaban duk gari, a tashi.”

“Haka tsarin yake, Kawu.”

“Matar da ta yi kwana uku tana naɗa furen takarda a makokin uwata? Ubanka minti uku ya yi, har ya kira marigayiyar da sunan ƙanwarta.”

Ya biya ya tafi. Ban ɗauki maganar da wani nauyi ba.

Akwai abin da kowa a wajenmu ya sani, Baba ma ya sani, sai dai ranar da ya kasa gyaɗa bai saka shi a lissafi ba. Ba a zuba ƙuri'un gida a kwando ɗaya. Ana gobe zaɓe, a teburin cin abinci, mai gida zai raba: ni zan ba wane, ke ki ba wance, yaron nan ya ba wanda ya zo bikin yayarsa. Ta haka duk ɗan takarar da ka haɗu da shi a kasuwa, ka kama hannunsa ka ce gidanmu ya ba ka, kuma ba ka yi ƙarya ba. Ba wanda yake so a ce wanda ya taɓa yi masa alheri ya sha kunya ranar ƙirga.

Mutane suka fara kawo kayan fatan sa'a, caitau da abarba da tafarnuwa, kowanne da jan ƙyalle a ɗaure. Na Baba ana jerawa a gaban hotonsa har su yi laushi ƙuda ya bi. Na Mama kuwa, tana karɓa za ta ce na gode, ta kwance ƙyallen, ta wanke, ta gurza. Wata guda ba ta sayi caitau a kasuwa ba.

“Sa'arki kike soyawa,” Baba ya ce.

“Kai kuma taka tana wari. A-kun, kwashe su kafin maƙwabta su yi magana.”

Ana gobe zaɓe Baba ya yi abin da ya saba. Na tsayar da mota a gaban haikali, na miƙa masa ƙaramin gwangwanin man zafi da muke ajiyewa a aljihun mota, ya shafa ƙasan ido, ya durƙusa a kan gwiwar da ba ta ciwo. “Jama'a ku cece ni! Ƙuri'a ɗaya ta rage! Bana kam ruwa ya kai mini wuya!” Abin haushin, bana gaskiya yake faɗa. Amma karo na shida ke nan, kuma garin ya riga ya koyi cewa in Wakili Tu ya yi kuka, to ya haye. Masu sayar da tsiren alade ko ɗago kai ba su yi ba. Wata tsohuwa ta ce wa ƙawarta, “Bana ma muryar tana nan.”

Ama tana cikin haikalin a lokacin. Na shiga ɗaukar ta na same ta a gaban gunkin Uwa Matsu, wadda ake bauta wa a haikalin, da 'yan katakon nan biyu masu siffar rabin wata da ake jefawa don neman amsa. In ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, an yarda. In duka sun faɗi a buɗe, dariya ake maka.

“In ba ɗana?” ta tambaya, ta jefa. Duka a buɗe. Ta sake. Duka a buɗe.

“In ba surukata?” Ɗaya a kife, ɗaya a buɗe.

Ta tattara su ta mayar, ta dube ni. “Ka ga wani abu?”

“A'a, Ama.”

“Ɗan kirki.”

Ranar Asabar aka yi zaɓe. Ƙarfe huɗu na yamma aka rufe, aka buɗe akwati a zauren firamare a gaban kowa. Ana ɗaga kowace takarda sama, a kira, a ja layi a allo. Ni aka tura akwatin unguwarmu. Da farko komai daidai: lamba biyu, lamba biyu, lamba huɗu. Can sai na ji, “Lamba biyar, Pan Su-lan, ƙuri'a ɗaya.” Na ce madalla, ba za ta tashi hannu wofi ba. Aka sake kira. Aka sake. Da ta wuce talatin sai na ga Kawu Liao yana gyaɗa kai. Da ta wuce tamanin sai ya daina gyaɗawa, ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi. Duk zauren haka aka yi ta kallon-kallo. Kowa ya ɗauka gidansa ne kaɗai ya yi mata wannan ɗan alherin.

Na koma gida na tarar da Baba a baranda, waya a kunne, yana rubuta na sauran akwatuna a farin allo. An riga an rataye igiyar tartsatsin wuta ta murnar nasara daga bene har ƙasa, ana jiran ashana. Rana ba ta faɗi ba aka gama.

Manyan biyu sun haye kamar kullum. Yu mai taki, ɗari bakwai da tamanin da ɗaya. Baba, ɗari bakwai da sittin. Mama, ɗari huɗu da casa'in da takwas. Madam Siao, ɗari huɗu da saba'in.

Baba ya tsaya yana kallon allon. Dabararsa ta yi aiki, Siao ta riƙe fiye da rabin nata, Yu bai kai ɗari tara ba. Baban ne dai bai kai ba. Ya zo na huɗu, babu mace a samansa, dole ya tashi. Wadda za ta zauna kuwa tana bayan gida tana kankare kaskon suya.

Wani ya tambaya ko a kunna wutar. Sai Ama ta ce, “An saye ta ai.” Aka kunna.

Da mutane suka watse, muka zauna cin abinci mu huɗu. Baba bai taɓa shinkafarsa ba. Ya ɗauko takardar sunaye yana bi gida-gida da sandar cin abinci.

“Ashirin da biyu kawai nake nema! Gidan Liao mutum biyar, na rantse biyu sun zame. Gidan mai aski, ni na yi jawabin auren 'yarsa, sau biyu ma, da ta sake aure. Munafukai! Na fi ta da ɗari biyu da sittin da biyu, a ce in tashi? Wace irin doka ce wannan?”

“Dokar da ka kai ni rajista dominta,” Mama ta ce.

“Ke wa kika dangwala wa?”

“Kai. Ni na ce maka ina son kujera?”

Ya juyo kaina. Na ce lamba biyu, kuma ya san ba na iya ƙarya. Ya dubi Ama, ta ce ya je ya tambayi Uwa Matsu, ita umarni ta bi. Baba ya buɗe baki zai fara, sai Ama ta ajiye kwanonta.

“Jin-fa. Kai fa? Wa ka dangwala wa?”

Baba ya ɗauki sandunan ya soma tsintar ƙayar kifi da babu ita.

“Tambayarka nake, ɗan nan.”

“To ai,” ya ce, murya can ƙasa, “na shiga labulen, na ga hotonta da ɗan gaban girki. Na ce kar a zo ana kira a ji ko mijinta bai ba ta ba. Ɗaya ce fa. Me ɗaya za ta yi?”

Ama ta fara dariya har sai da na bubbuga mata baya. Mama ba ta yi dariya ba. Ta zare tsokar cikin kifin, wadda ba ƙaya, ta ɗora masa a kan shinkafa, ta ce ya ci kafin ta huce.

Da safe sai zagayen godiya. Wanda ya ci da wanda ya faɗi duk suna hawa mota su bi gari suna sunkuyawa, ba a fasawa. Motarmu ɗaya ce. Mama ta ce ta riga ta faɗa ba za ta hau ba, Baba ya ce wancan sharaɗin na mutum-mutumi ne, yanzu ita wakiliya ce, kar ta ba gidan nan kunya. Ya nuna mata inda ake riƙewa da yadda ake ɗaga hannu don kada kafaɗa ta gaji. Ya ɗauko falmaran ɗinsa na ajiya ya saka mata, sunansa ne a baya, ya kai mata gwiwa.

Na tada mota na kunna lasifika. Na manta abu ɗaya ne a ciki, wanda Baba ya naɗa tun mako biyu da suka wuce. Muryarsa ta cika titi: “Jama'a na gode! Kun sake ɗora mini wannan nauyi karo na shida!”

Na kai hannu zan kashe, Mama ta buga rufin mota ta ce in bari, ya sha wahalar naɗawa.

Muka bi ta gaban shagon taki, muka haye gada, muka shiga kasuwa. A bakin kasuwa Kawu Liao yana kan babur ɗinsa. Ya cire hula ya sunkuya wa Mama, sannan ya ɗaga murya.

“Sannu da ƙoƙari, Mijin Wakiliya!”

Baba ya fizgi makirufo. “Ɗari bakwai da sittin, Liao! Na fi ta da ɗari biyu da sittin da biyu! Ka je ka duba allo!”

Kasuwa ta ɗauki tafi. Baba ya sunkuya hagu da dama, don shi in ya ji tafi ba ya tambayar na wane ne.

A hanyar dawowa na ji su ta tagar baya. Mama tana cewa ranakun zaman majalisa ba za a rufe rumfa ba, mutane sun saba. Baba ya ce shi shekara ashirin yana riƙe da makirufo, ba zai ƙare da riƙon cokalin suya ba. Mama ta ce ba laifi, akwai gonar abarba.

Ranar zamanta na farko na sauko ƙarfe biyar na sami Baba da ɗan gaban girki a kan falmaran. Wainar ta ƙone ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen ba ta nuna ba. Wata mata tana gaya masa fitilar layinsu ta mutu, yana ta waige-waige.

“A-kun,” ya ce, “uwarka a ina take ajiye kalandar nan?”